Yadda 'Ya'yan Sabo Suka Shiga Makarantar Gwamnati, Da Inda Aka Kwana



A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, shugabar makarantar firamaren gwamnati da ke bakin unguwarmu ta aiko a kira mata dattawan masallaci. Dattijuwa ce Bayarabiya, ta kusa ritaya. Muka rufe shaguna muka je. Bayan an gaisa, ta jawo rajistar aji ɗaya ta buɗe mana, ta ce, "Alfa, ku karanta sunayen nan." Muka bi layi: Sani, Habibu, Rabi, Nafisa, Lawali, Umma, sai can a ga Taiwo ko Kehinde, sai kuma a koma kan namu. Daga nan ta ɗauko takardar sakamakon aji shida ta ajiye kusa da ita. A nan kam sunayen namu sun yi ƙaranci, na 'yan mata kuwa sai an lalubo, waɗanda suka rage ɗin ma yawancinsu can ƙasan takarda suke. Ta dube mu ta ce, "Ina sauran suka tafi?"

Ba mu da amsar da za mu ba ta a ranar. Da muka dawo gida muka yi ta juya maganar, sai muka ga tambayar tata ta girmi zangon karatu ɗaya, ta ma girme mu. Shi ya sa muka ce bari mu waiwaya baya, mu ga yadda aka yi 'ya'yan Hausawan Badun suka ƙi wannan makaranta da fari, suka zo suka cika ta, amma har yau ba su ci moriyarta yadda ya kamata ba.

Kakanninmu fatauci ya kawo su ƙasar nan. Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911, to daga nan hanya ta buɗe: shanu su gangaro kudu, huhun goro ya hau arewa. Da farko Hausawa a cikin gari suke zaune, a gidajen Yarbawa. A 1916 aka ware musu wannan fili, aka ce masa Sabo. Duk wanda ya tashi a unguwar nan ya san yadda zaman yake a da. Maigida yana saukar da fatake, ya ajiye musu kuɗi, ya tsaya musu a kan bashi. Yaransa suna dillanci a kara, ko suna ware goro da ɗaure huhu. Yaro da ya tashi a irin wannan gida, abin da ake nema a wurinsa shi ne amana, da lissafin ka, da sanin saniya mai lafiya da goron da ba zai lalace a hanya ba. Wasiƙa kuwa da ajami ake rubuta ta a aika Kano ko Sakkwato, a can ma da ajami za a ba da amsa. Makarantar allo ta wadatar da wannan buƙata, ga kuma ladan karatun Alƙur'ani. To, me zai kai mutum boko?

Sannan akwai tsoro, kuma tsoron ba na banza ba ne. Boko a Badun ta hannun mishan ya shigo. Dauda Hinderer na cocin CMS ya zauna a Kudeti tun 1853, shi da matarsa, suka fara tara yara suna koya musu karatu. Shekaru masu yawa bayan haka, yawancin makarantun garin nan na coci ne, kuma mutane sun ga yaran Musulmi da suka shiga da suna ɗaya suka fito da wani. Musulmin Yarbawa su ma sun ji wannan tsoro, amma sai suka nemi mafita da wuri. Suka kafa ƙungiyoyi irin su Ansaruddin, wadda aka fara a Ikko a 1923, suka gina makarantunsu na boko inda yaro zai koyi Turanci da lissafi bai bar sallarsa ba. Mu ba mu bi wannan hanya ba a lokacin. Dattawanmu suna ganin kansu baƙi ne, gobe ko jibi za a koma gida, ko da kuwa an haifi 'ya'ya da jikoki a nan.

A watan Janairun 1955 gwamnatin Jihar Yamma, ƙarƙashin Obafemi Awolowo da ministansa na ilimi Awokoya, ta fara ba da ilimin firamare kyauta. Yaran da ke makaranta a jihar suka tashi daga wajen 457,000 a 1954 zuwa wajen 811,000 a 1955. Ku duba wannan tsalle a shekara guda. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba suka sami aji. Mu kuwa muna tsakiyar babban birnin jihar, makaranta tana ƙofar gidanmu, jami'ar farko a ƙasar nan, wadda aka buɗe a 1948, tana 'yan mil kaɗan daga nan, amma guguwar ta wuce ta kanmu ba ta ɗauki kowa ba sai ɗaiɗaiku. A daidai wannan lokaci hankalin unguwa yana wani wajen. Farkon shekarun 1950 ne mutanen Sabo suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya da yawansu, suka ware masallacin Juma'arsu daga na cikin gari. Karatun addini ya ƙara ƙarfi, zaurukan malamai suka cika, unguwa ta ƙara dunƙulewa waje ɗaya, ta kuma ƙara nisa da abin da ke gudana a wajenta. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a nan a 1962 da 1963 yana nazarin zamanmu, ya ƙirga mutanen Sabo ya samu dubu huɗu da 'yan kai, daga baya ya fitar da littafi a 1969. Abin da ya tarar bai saɓa da abin da iyayenmu suka ba mu labari ba: unguwa mai arziki da tsari, wadda 'ya'yanta ba su cika zuwa boko ba.

Kada mu yi saurin zagin dattawan nan. A zamaninsu lissafinsu ya fita, domin dillalin shanu yana samun abin da ya fi albashin akawu. Abin da ba su hango ba shi ne ranar da ciniki zai koma hannun takarda: lasisi, haraji, banki, kotu, takardar fili. Da wannan rana ta zo, sai ya zama maigida mai yara ashirin dole ya ɗauki ɗan wani ya karanta masa wasiƙar hukuma, ya kuma sa hannu a abin da bai san me ke ciki ba. Akwai gidaje da rumfuna da suka salwanta ta haka, manyanmu sun san su.

Mu da muka haura hamsin yanzu, namu zamanin shi ne na UPE. Janar Gowon ya yi alkawarin shirin a 1974, gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shi a Satumban 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Oyo. An shirya wa yara wajen miliyan 2.3 a faɗin ƙasa, sai ga wajen miliyan uku sun bayyana. A shekarun nan ne kuma gwamnatocin soja suka karɓe makarantu daga hannun mishan, wanda ya rage wa iyayenmu wancan tsohon tsoro. Muna tuna ranar da aka jera mu a filin makaranta, aka ce kowa ya ɗaga hannun dama ta saman kai ya taɓo kunnen hagu. Wanda hannunsa ya kai an ɗauke shi, wanda bai kai ba ya dawo baɗi, don babu mai takardar haihuwa. A ajinmu 'ya'yan Hausawa ba mu da yawa, sauran duk Yarbawa ne, kuma ba 'ya'yan talakawa kaɗai ba. Ɗan ma'aikacin sakatariya, da ɗan malamin asibiti, da ɗan mai sayar da katako, benci ɗaya muke zama. Wannan abu ne da ya kamata a riƙe, domin uban da ya yi boko yana leƙa makaranta, yana tambayar malami, kuma idan rufi ya yaye ya san ofishin da zai je ya yi magana. Albarkacinsu mu ma muka sami koyarwa mai kyau.

Da aka dawo mulkin farar hula a 1979, Bola Ige ya zama gwamna, aka ci gaba da karatu kyauta har da rabon littattafai. Amma da yawa daga cikinmu ba mu kai aji shida ba. Wani an cire shi ya tsare shago, wani an tura shi Zariya ko Kano neman karatun allo, wasunmu kuma aka mai da mu Islamiyya gaba ɗaya, can muka ƙarasa abin da Allah ya nufe mu da shi. Ba ma raina wannan karatu, da shi muke jan salla yau, da shi muka san halal da haram a ciniki. Sai dai gaskiya ɗaya ce, abokan zamanmu na benci da suka daure wasunsu sun zama lauyoyi da likitoci, yau mu ne muke zuwa ofisoshinsu muna jiran layi. 'Yan'uwanmu mata kuwa ko wannan ɗan rabon ba su samu ba, talla ce da safe, aure da wuri.

Bayan juyin mulkin ƙarshen 1983 abubuwa suka fara ja da baya, kuɗaɗe iri-iri suka dawo kan iyaye. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, albashin malaman firamare ya zama abin wasa tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. An kafa hukumar firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991, aka sake dawo da ita a 1993. Malamai suka yi ta yajin aiki, wasu suka koma kasuwa da rana tsaka. A nan ne fuskar ajin ta sauya. Duk mai ɗan hali ya cire ɗansa ya kai makarantar kuɗi, waɗanda suka yi ta tsirowa a kowane lungu. Waɗancan iyaye masu bibiya suka tafi da bibiyarsu. Mu kuma a daidai lokacin ne idonmu ya buɗe, muka fara tura yara da yawa. Wato mun iso kasuwa ana kwashe kaya. Su ma masu kuɗin cikinmu, 'yan canji da manyan dillalai, ba su tsaya ba, makarantun kuɗi suka nufa, ko Islamiyya mai haɗe da boko. Aka bar ta gwamnati ga ɗan mai shayi, da ɗan mai gyaran takalmi, da marayu.

Ga kuma wani abu da maƙwabtanmu ba sa fama da shi kamar mu. Duk lokacin da ƙasa ta motsa, karatun ɗan Sabo ne ke fara yankewa. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni 1993 motoci sun yi ta kwasar mata da yara zuwa arewa. Haka aka yi bayan rikicin Shagamu a Yulin 1999, da na Ketu a ƙarshen shekarar, da na Idi Araba a 2002, ko da yake ba a garin nan aka yi su ba, tsoro ba ya tambayar nisa. Na kusa shi ne na kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, wanda ya zo yara ba su daɗe da komawa aji ba bayan kullen korona na 2020 da ya cinye kusan wata shida. Yaron da aka kai ƙauye ya yi zango biyu ko uku, in ya dawo sai a mai da shi ajin da sa'o'insa suke, ba a tambayi abin da ya wuce shi ba. Ko babu rikici ma, mu da kanmu muna yin haka: a tafi bikin Salla a zarce har bayan girbi.

Shirin UBE, wanda Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999 aka yi masa doka a 2004, ya ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas. Ya kawo sababbin azuzuwa da kujeru a wurare da dama. Ciyar da yara 'yan aji ɗaya zuwa uku da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 ita ma ta jawo yara sosai lokacin da take tafiya. Amma shiga aji daban, iya karatu daban. Yanzu yaro yana hawa daga aji zuwa aji ko ya iya ko bai iya ba, sai ya kai aji biyar a miƙa masa takarda ya kasa haɗa baƙi. Mun gwada wannan da kanmu a kan yaran da ke zuwa mana karatun dare, abin ya ba mu kunya.

Da muka zauna da malaman muka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, sai muka gane cewa kalmar "'ya'yan Hausawa" da ake yi musu jam'u da ita tana ɓoye abubuwa. Yaran kashi biyu ne. Akwai haifaffun nan, jikokin masu goro da shanu, waɗanda Yarbanci a bakinsu kamar ruwa. Waɗannan idan suna zuwa kullum ba a fin su, a cikinsu ma akwai masu zuwa na ɗaya. Akwai kuma sababbin zuwa, waɗanda fitinar Boko Haram ta koro daga Barno da Yobe, da waɗanda 'yan bindiga suka tasa daga Zamfara da Katsina da Sakkwato, da 'yan'uwanmu na Nijar. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da bai taɓa shiga aji ba, a zaunar da shi cikin 'yan shekara shida, malama tana bayani da Yarbanci, littafi da Turanci, shi kuwa Hausa kaɗai yake ji. Wata uku ya gaji da dariyar yara, sai ka gan shi da buhu yana bin bola neman ƙarfe. Waɗannan su ne suka cika aji ɗaya, su ne kuma ba a gani a aji shida.

Maganar harshe ba ƙarama ba ce, kuma a ƙasar Yarbawan nan aka tabbatar da ita. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji, aka koyar da wasu yara duk darussa da Yarbanci har shekara shida, Turanci ya zama darasi guda. Da aka auna, yaran ba su gaza a Turanci ba, a sauran darussa kuma suka yi fice. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ita ma ta ce a fara wa yaro da harshen uwa ko harshen wurin da yake zaune. To, harshen wurin nan Yarbanci ne, ba laifin kowa ba ne. Wa zai yi wa sabon zuwa bayani da Hausa? Sai malami Bahaushe. Ina yake? Shekara fiye da ɗari muna unguwar nan, 'ya'yanmu nawa muka tura kwalejin horon malamai suka samo NCE don su dawo su koyar a nan? Mun gina masallatai, mun sayi motoci, mun je Makka sau da yawa, alhamdu lillahi, amma wannan gurbi mun bar shi a buɗe.

Akwai ma wata dama da yawancinmu ba mu sani ba. Jarrabawar shiga makarantun sakandaren tarayya, wadda hukumar NECO ke shiryawa, ana duba jihar asalin yaro ne wajen makin da ake nema, kuma na jihohin arewa da dama bai kai na kudu ba. Wannan takardar asali da ke wahalar da mu, har sai mutum ya tafi ƙaramar hukumar kakansa ya karɓo, a nan tana iya yi wa yaro amfani. Ga kwalejin tarayya a Ogbomosho, ga ta 'yan mata a garin Oyo, duk kusa da mu. Amma sai yaro ya kai aji shida, ya iya karatu, an kuma yi masa rajista.

Wasu za su ce laifin gwamnati ne, azuzuwa sun cika, malamai sun yi kaɗan. Haka ne, kuma za mu ci gaba da faɗa a inda ya dace. Sai dai shugabar makarantar ta nuna mana littafin taron iyaye da malamai, muka ga masu sa hannu daga unguwarmu ba su taka kara sun karya ba, alhali 'ya'yanmu ne suka fi yawa. Akwai kwamitin kula da makaranta da aka tanadar wa mutanen unguwa kujeru a ciki, tamu kujerar ƙura take sha. Katin sakamako kuwa, wani uban bai taɓa buɗe shi ba, wai ba ya jin Turanci. Ai lamba ce, Alhaji. Mutumin da ke lissafin canjin dala da sefa a ka ba zai kasa gane bambancin 30 da 70 ba.

Abin da muka tsayar a kwamitin masallaci, muna kuma roƙon sauran masallatai su duba, ba mai yawa ba ne. Malaman allo da na Islamiyya su daidaita lokacinsu, asuba da yamma da dare namu ne, safiya a bar wa makaranta, yadda yaro ba zai zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba kamar yadda aka sa mu muka yi. Iyaye mata su dubi Allah su ɗage tallar safe zuwa bayan an tashi. Samarinmu da suka gama sakandare suna zaune, a ware musu ɗan abin hasafi daga asusun masallaci su riƙa koya wa manyan yaran nan sababbin zuwa baƙaƙen boko da Hausa, kafin a kai su ajin da ya dace da shekarunsu. Duk wanda aka yi wa haihuwa ya karɓi takardar haihuwa a hukumar ƙidaya tun kafin a ci tuwon suna a manta. Masu hali kuma su ɗauki nauyin yaro ko yarinya ɗaya zuwa kwalejin malamai, da sharaɗin a dawo a koyar a unguwa.

Kakanninmu sun ƙi boko lokacin da yake da ƙarfi, da dalilinsu. Iyayenmu sun saka mu sun cire mu, su ma da nasu dalilin. Mu fa, idan jikokinmu suka tambaya, ba mishan, ba kuɗin makaranta mai nauyi, me za mu ce ya hana? Baiwar Allah nan za ta yi ritaya ba da daɗewa ba, mun yi mata alkawarin za mu koma mata da amsa kafin ta tafi. Taron iyaye na gaba za a sanar da ranarsa bayan sallar Juma'a. Mai shago ya bar wa yaronsa na awa biyu, ya zo da katin ɗansa a hannu.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan unguwa, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.